Ranar da Na Zare Igiyar Alhaji

Na san abin da kuka taso kuna ji a kaina. Ba a gabana aka faɗa muku ba, amma gidanmu bai kai girman da magana za ta ɓuya a cikinsa ba. An ce muku uwarku ta taɓa samun aikin da babu macen da ta samu irinsa a unguwarmu, aka kore ta saboda tana sauraren maganar manya a waya, har rashin kunya ta kai ta ga yanke wa mai gidan aikin magana. Rabin zancen gaskiya ne. Na shiga layin Alhaji Nomau, kuma na yanke shi da hannuna. Ba don ku tausaya mini nake rubuta wannan ba, kun san ba na son a yi mini kallon tausayi. So nake ku ji yadda abin ya gudana daga bakin wadda ta zare igiyar, tun da sauran waɗanda suka sani duk sun riga mu gidan gaskiya.

Abin ya faru kafin shekarun fari, lokacin da Alhaji Nomau yake cikin ganiyarsa a Birnin Konni. Wake yake saye, da gyaɗa da albasa, yana da manyan motoci na jigila, da buro, wato ofis, a cikin gari, da gareji a bayan buron, da mangaza babba ta ajiye kaya a Malbaza. Babanku ne shugaban makanikai a garejin. Ni kuwa na yi lakwal, wato boko, don mahaifina gardin gwamnati ne kuma bai yarda 'ya'yansa mata su zauna haka ba. Da kujerar mai haɗa waya ta zama babu kowa, babanku da kansa ya je ya roƙa mini. Kakarku, Inna, uwar babanku, ba ta so ba. Ta ce ita ba ta taɓa ganin matar aure ta ɗaura ƙarfe a kai tana gaisawa da mazan da ba ta gani ba. Amma da ta ga buhun gero yana shigowa ba a jira kaka ba, sai ta rage faɗa, ta koma harara.

Dole in bayyana muku aikin, in ba haka ba ba za ku gane komai ba, ku da kuke yawo da waya a aljihu. Ɗakina ƙarami ne, kusa da ƙofar buro. A ciki akwai akwati na katako, tsayinsa kamar kabad, muna ce masa sitanda. Fuskarsa ramuka ne jere, kowane rami da ɗan murfinsa a sama, wanda ke faɗowa da ƙara idan an kira ko an ajiye. A gabana igiyoyi ne masu kan ƙarfe, bibbiyu, a kaina kuma abin kunne da nake saurare da shi. Wasu ramukan na cikin gida ne: buron Alhaji, kontabul mai lissafin kuɗi, wurin ma'auni, gidan Alhaji. Ramuka biyu kawai ke fita waje zuwa gidan waya, kuma ta nan duniya duka take shigo mana. Idan wani ya kira daga Maraɗi yana neman kontabul, ya cinye layi ɗaya, in soka ɗayan kan igiyar a ramin kontabul, layi na biyu yana nan a buɗe ga kowa. To amma idan wanda ya kira ya ce in miƙa shi Malbaza, lissafi ya canja. Malbaza ba cikin gida take ba. Sai na fita ta layi na biyu na nemo ta, sannan in haɗa su. Mutane sun ɗauka idan na miƙa kira, ya tafi ke nan, ya bar mu. Ba ya tafiya ko'ina. Maganar ta cikin akwatina take bi, ta shigo ta wannan ƙofa ta fita ta waccan, kuma muddin ba su ajiye ba ƙofofin nan biyu a toshe suke. Babu mai kiranmu, babu wanda za mu kira. Kontabul ya sha zuwa yana buga mini ƙofa, wai ai mutum ɗaya ne ke magana, ina ɗaya layin. Na gaji da nuna masa ramukan.

Alhaji ya san da haka. Mutumin gidan waya da ya koya mini aikin ya gaya masa cewa idan yana tafiya, ya nemi Malbaza kai tsaye, a bar mana layukanmu. Alhaji ya ce shi ba ya shiga mangazarsa sai ya bi ta ƙofar gidansa. Haka yake yi kuwa: ya kira Konni, ya tambayi lafiyar kowa har da jakin mai ruwa, sannan ya ce a miƙa shi. Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauka haka. Doka biyu kawai ya kafa mini ranar da na fara, yana zaune, ni ina durƙushe.

"Ramatu, abu biyu nika so gare ki. In ina magana, ba ki ji. In ban aje ba, ba ki taɓa."

Akwai ɗan maɓalli da idan na danna shi zan ji duk abin da ake faɗa a layi, in ma sa baki. Wanda ya riga ni a kujerar ya danna shi, ya kai farashin waken Alhaji kasuwa kafin Alhaji ya kai. Shi ya sa kujerar ta zama babu kowa. Na yi alkawari, kuma na riƙe shi har zuwa ranar da zan ba ku labari.

Saura mutum ɗaya da ya kamata ku sani, Malam Isufu, mai tsaron mangazar Malbaza. Dattijo ne, a gidan mahaifin Alhaji ya tashi. An gaya mini idan wayar Alhaji ce, sai ya tuɓe takalmi ya miƙe tsaye kafin ya ce alo. Kuma a wurinsa waya ba ta da bambanci da zaure: ba ka tashi daga gaban babba sai ya sallame ka. Sai Alhaji ya ce, "To Isuhu, aje," sannan yake ajiyewa. Direbobi suna yi masa dariya a kan haka, ni ma na yi.

Ranar, da kaka ne. Alhaji yana Yamai tun kwanaki, yana neman wani babban aikin jigila da zai riƙe motocinsa shekara guda. A lokacin samun layi daga Yamai ba wasa ba ne, mutum kan yi rajista da safe ya wuni yana jira. Da hantsi murfin layi na ɗaya ya faɗo, na ji muryarsa can nesa cikin shuuu ɗin hanya. Gaisuwar ma a gajarce ya yi ta, abin da ba halinsa ba.

"Miƙa ni Malbaza. Kuma ki ji ni da kyau, layin ga tun asuba nika nema nai. Za ni aje kan wayar bisa tebur in tahi in ɗauko wani mutum, shi ji daga bakin Isuhu abin da ag ga mangaza. Ko kin ga an daɗe, kada ki taɓa."

Na ce to, ranka ya daɗe. Na fita ta layi na biyu, gidan waya suka ba ni Malbaza, na ji Malam Isufu ya ɗauka, na haɗa su, na janye. Daga nan gidan ya kurmance. Na zauna ina kallon igiyar nan guda, kai ɗaya a Yamai, kai ɗaya a Malbaza. Rana ta yi sama, murfi bai faɗo ba. Ban damu ba, tun da an gaya mini.

Sai ga babanku a bakin ƙofa. Tun da na fara aikin bai taɓa leƙo ɗakin nan ba, kunya yake ji a ce yana bin matarsa buro. Da na ga fuskarsa na ɗauka Inna ce ta faɗi. Ya shigo ya turo ƙofa, ya buɗe tafin hannunsa. Wani ɗan siririn ƙarfe ne mai baki biyu, bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

"Mi na na wanga?" na ce.

"Na motar Illa na. Shi ka riƙe notin sitiyari."

Ya yi mini bayani a tsaye. Jiya ya kwance sandar sitiyarin motar Illa direba, ya mayar, ya ɗaure noti. Kafin ya soka ɗan ƙarfen da ke hana notin warwarewa aka kira shi ga wata mota, ya jefa shi a aljihu da niyyar dawowa. Yanzu ya sa hannu neman goro ya ji shi. Illa kuwa ya tashi tun da safe, mota cike da kaya, sama da kayan kuma mutane ne, masu zuwa cin kasuwa Tajaye da masu wucewa Illela ta wajen Tawa, mata da goyo a cikinsu. Na gan su da idona sa'ad da suke hawa. Ya ce hanyar Malbaza miƙaƙƙiya ce, mai yiwuwa notin ya riƙe. Amma daga Malbaza in an karkata arewa gargada ce zalla, ga gangaren dutse, kuma babu notin da zai jure wannan girgiza ba tare da abin da ke hannunsa ba. Illa yakan tsaya Malbaza ya sauke 'yan buhuna ya sha fura a gindin gawon da ke tsallaken hanya, ba ya daɗewa.

"Ki kira Malbaza, a tsai da shi."

"Malbaza na bisa waya da Alhaji."

"To kira wani! Kira jandarma, kira kowa ad da waya can!"

"Da wane layi?"

Na nuna masa ramukan biyu. Ya tsaya yana kallonsu, shi ma ashe irin tunanin kontabul yake yi. Gidan waya yana can ƙarshen gari, kuma ko ya je, wayar mangaza guda ce, ga ta a kunnen Malam Isufu. Ƙaramar mota tana Yamai da Alhaji, manyan duk suna hanya. Ya dubi maɓallin nan, ya dube ni. Ya san dokar kamar yadda na san ta. Ina so ku riƙe wannan: bai ce in shiga ba. Ya rufe hannunsa, ya ce zai ari babur ya bi su, ya fita da gudu. Ni da shi mun san babur ba zai cim musu ba.

Aka bar ni da akwati. Ba zan yi muku ƙarya in ce nan take na danna ba. Na tsaya, hannuna a kan maɓalli. Ina son aikin nan. Ina son yadda muryoyin garuruwan da ban taɓa zuwa ba suke bi ta hannuna, ina son a ce Ramatu ta sitanda. Na yi ta addu'a murfin ya faɗo da kansa, a ce sun gama, in huta. Bai faɗo ba. Sai wata mata ta faɗo mini a rai, wadda na ga ana miƙa mata jaririnta bayan ta hau kan buhuna. Na yi bismilla na danna.

Gefen Yamai babu kowa, sai shuuu da ƙarar keken rubutu can nesa. Gefen Malbaza kuwa numfashin mutum nake ji, a hankali, yana jira.

"Malam Isuhu, Ramatu ta."

"Subhanallahi! Ɗiyata, hita! Layin Alhaji na!"

"Na sani. Illa ya iso?"

"Ya iso tun ɗazu, ga shi can gindin gawo, sun ƙare sauke kaya. Ki hita, don Allah, kada shi dawo shi ji ki."

Na gaya masa a taƙaice. Na ce sitiyarin motar ba a ɗaure yake ba, in ta bar Malbaza mutanen nan ba za su kai Tajaye ba. Ya yi salati, na ji muryarsa ta karye. Na ce ya ruga.

"Ba a sallame ni ba."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce ya ajiye kan wayar a tebur, ni zan riƙe masa.

"Alhaji shi dawo da baƙo, shi ce Isuhu, mace ta amsa? Cewa yay yi in tsaya. Tun ina yaro ban taɓa ba shi baya ba, ɗiyata."

"To aika wani!"

"Ni ɗai na, masu dako duk suna can."

Na ji ya ja igiyar wayar iya tsawonta, ya ƙwala wa Illa kira ta taga. Muryar tsoho ce, ga hanya a tsakani, ga hayaniyar masu fura. Babu wanda ya amsa. Ya sake kira. Sai na ji abin da nake tsoro, ta cikin wayarsa: injin ya yi tari sau biyu ya kama. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na ɗaga murya ga mutumin da ya isa ya yi jika da ni, na ce masa rayukan mutane ne, na ce Allah zai tambaye shi. Kuka yake yi, wallahi ina jinsa, amma ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Ba taurin kai ba ne. Muddin yana jin shuuu ɗin Yamai a kunnensa, a gaban Alhaji yake tsaye.

A daidai nan na ji an buɗe ƙofa a gefen Yamai. Muryar Alhaji ce, yana tafe yana dariya da wani, suna matsowa. Wannan wurin ne na fi juyawa a raina duk tsawon shekarun nan, don haka zan faɗa muku shi yadda yake. Akwai wata hanya. Ina iya jira ya ɗauka, in ce ranka ya daɗe ka sallami Isufu, motar Illa za ta kashe mutane. Na san zai sallame shi. Amma kafin nan sai ya gama mamakin jin muryata, sai ya tambayi wace mota, me ya same ta, wa ya taɓa ta, ga baƙo tsaye a gefensa yana ji. Injin kuwa yana ci. Ban san wanne ya fi tura hannuna ba, injin ko sunan babanku. Na kama kan igiyar da ke ramin Yamai na fizge.

"Malam Isuhu, saurara. Kana jin Yamai?"

Ya saurara. "A'a."

"Na yanke. Babu Alhaji bisa layi, babu wanda za ka ba baya. Ruga!"

Na ji kan wayar ya bugi tebur, na ji tafin ƙafa a kan siminti. Bai ajiye ta daidai ba, don haka Malbaza ta ci gaba da shigo mini kunne: injin ya ƙara ƙarfi, aka yi oda, motar ta ɗaga, ƙararta ta fara nisa. Can na ji kamar ihu, daga nan ban iya rarrabe komai ba. Ina nan zaune murfin layi na ɗaya ya faɗo. Matar gidan waya ce, ta ce Yamai na cewa an yanke, ko daga wurinmu ne. Na ce daga wurina ne. Ta ce to an riga an ba wani layin, mai kiran sai ya sake rajista, da wuya ya samu yau. Na ce na ji. Na koma Malbaza, na manne abin kunnen da hannu biyu. Kaza ce kawai ke kuka a kusa da tagar. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, na san dai zanina ya jiƙe da gumi har ya manne da kujera.

Sai na ji takun mutum biyu. Malam Isufu ya ɗauka, haki ya hana shi magana, ya miƙa wa Illa. Ashe tsohon ya bi motar da gudu ba takalmi, mutanen da ke sama suka ga dattijo yana ɗaga hannu yana faɗuwa yana tashi, suka yi ta dukan rufin direba har ya taka birki.

"Ramatu," in ji Illa, muryarsa a ƙasa. "Na shiga ƙarƙashi. Da yatsa biyu na juya notin ga."

Sai ya tambaye ni:

"Wa as sani?"

"Ni da kai da Malam Isuhu. Da mai shi."

"Mutane na ce musu ruwa injin ka so. Shi tahi haka." Sai ya ƙara da cewa, "In ya iso ina da magana da shi, amma tsakaninmu ta."

Abin da suka faɗa wa juna a gindin gawon nan da babanku ya isa, bai taɓa gaya mini ba. Da kansa ya soka ƙarfen, motar ta wuce, kowa ya ci kasuwarsa.

Labarin Yamai ya riga Alhaji isowa. Ya ɗauki waya a gaban baƙonsa, ya yi ta kiran Isufu, babu amsa. Mutumin ya yi dariya ya ce wanda bai iya riƙe wayar gidansa ba, yaya zai riƙe masa hanya. Aikin ya tafi ga wani. Ranar da aka ce Alhaji na hanya, bayan la'asar, babanku ya same ni a bayan ɗaki ina wanki, ya ce gobe zai je ya faɗi gaskiya. Na tsame hannuna daga ruwa. Na ce masa in an kori mace daga buro, gida za ta koma, ana ma ganin can ne wurinta. In aka kori makanike don ya manta ƙarfen sitiyari, daga nan har Tawa babu direban da zai sake shiga motar da ya taɓa. Ga Inna, ga ƙannensa biyu, ga babbar yayarku tana rarrafe, ga wani cikin. Kuma ko ya faɗa, na dai shiga layi, na dai yanke, aikin Yamai ba zai dawo ba. Ya ce ba zai iya kallona ba. Na ce ya koya.

"In ka tahi ka hwaɗi," na ce masa, "to banza na yanke."

Ya daɗe a tsugune yana kallon kumfar sabulu.

Alhaji ya kira ni burosa da safe. Ya riga ya tambayi Malam Isufu, shi kuma ya ce masa, "Ranka shi daɗe, an yanke," bai ƙara ba, bai kuma yi ƙarya ba. Na durƙusa inda na durƙusa ranar farko.

"Kin shiga layina?"

"Na shiga."

"Ke kiz zare?"

"Ni na zare."

"Dommi?"

Na sunkuyar da kai. Da ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi. Sai ya sassauta murya.

"Ramatu, ke ba mahaukaciya ba ta. Ban taɓa kama ki da komi ba. Ki ba ni dalili, ko wane iri na, in ji."

Ta tagar da ke bayansa ina hango gareji, ina jin ana dukan ƙarfe. Na ce ba ni da abin faɗa, ranka ya daɗe. Ya jira, ya sake jira. Daga baya ya ce in ajiye abin kunnen a kan akwati in tafi gida, kuma saboda darajar mijina ba zai kai maganar ko'ina ba. Saboda darajar mijina. Na ce na gode.

Bai kai ta ko'ina ba, amma Konni ba ta buƙatar a kai mata. Kafin Juma'a ta zagayo an ce an saye ni ne, an ce dama kullum ina saurare, an ce abin da lakwal ke koya wa mata ke nan. A gida kuwa Inna ta samu abin da ta daɗe tana jira. Ba ta zagi, ba halinta ba ne. Sai dai in tana tankaɗe ta yi magana da rariya.

"Yaron ga ya tahi ya zubda girma nai ya roƙo, an ba shi, an watsa mishi ƙasa ga ido. Allah dai shi saka ma Alhaji da bai haɗa da shi ba."

Babanku yakan ture kwano ya fita. Sau ɗaya ya ɗaga mata murya, ya ce ta bar maganar nan, ta ce to ga shi har an juya mata ɗa. Laifin ya sake dawowa kaina. Na ji ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Na yi shekaru in zan wuce gidan waya sai na tsallaka hanya. Akwai ranakun da na tsani babanku, in gan shi ya dawo ana gaishe shi da babban makanike, ni ina tuyar ƙosai a ƙofar gida. Akwai kuma ranakun da na gan shi ya tashi daga cin abinci ya koma gareji don ya sake shafa notin da ya riga ya duba, sai tsanar ta sake ni. Kun sha tambayarsa dalilin da ya sa rigunan aikinsa ba su da aljihu, yana ce muku tela ne ya manta. Shi ya sa aka ɗinke su tun daga makon nan. Har ya bar aiki babu motar da ta fita daga hannunsa ta cuci wani. In kun rage masa daraja saboda abin da na rubuta, ba ku fahimce ni ba, kuma ban yafe ba. Ya so ya gaya muku da bakinsa fiye da sau ɗaya, ni na hana.

Inna ta yi shekaru bayan haka. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ni na yi jinyarta, don 'ya'yanta mata suna nesa. Wata rana da azahar ina ba ta kunu, ta kawar da ludayin, ta kama wuyan hannuna. Hannunta ba nauyi, amma ta riƙe gam. Babanku yana tsaye a bakin ƙofa, ya dawo daga masallaci.

"Ramatu, matso. Kin yi min abin da ɗiyan cikina ba su yi ba. Ba ni son in tahi da ke cikin raina. Abin da kika yi muna wurin Alhaji, kunyar da kika ba yaron ga, na yahe miki. Duniya da lahira."

Na ji motsi a bayana. Na waiwaya, na ga ya tako ƙafa ɗaya cikin ɗakin, bakinsa a buɗe, hawaye na bin gemunsa. Na zuba masa ido, na girgiza kai sau ɗaya. Ya tsaya inda yake.

Na juyo gare ta na ce, "Na gode, Inna. Allah shi yahe muna baki ɗai."

Ta saki hannuna, ta yi ajiyar zuciya, fuskarta ta washe. Ta buɗe baki, na ci gaba da ba ta kunun, ta sha fiye da yadda ta saba. Ta rasu tana ganin ta yi mini kyauta mafi girma da take da ita, ni kuwa ban ga dalilin da zan ƙwace mata ba.